Ruwan Ledar Baba

Junaidu: Salamu alaikum. Inna, ina wuni?

Inna: Amin, alaikumus salam. Lahiya lau, Junaidu. Ya Gummi, ya shinkahwa?

Junaidu: Mun gode Allah, mun hwara yanka.

Inna: Madalla. Ya Basma da goyonta?

Junaidu: Suna gaishe ki. Inna, mi nika ji bayanki awa kasuwa?

Inna: Ba komi. Asibiti muke, nan Anka.

Junaidu: Asibiti? Wa ab ba lahiya?

Inna: Babanku na. Jiya yad dahe ƙirji bakin masallaci, yah hwaɗi. Da sauƙi, kar ka tada hankalinka.

Junaidu: Inna lillahi. Tun jiya, kuma sai da kinka tambayi shinkahwa?

Inna: To mi shinkahwa tai maka? Likita ya ce zuciya ta. Ya yi ta tambaya, hawan jini, taba, abin da shika ci. Nic ce tun da gubar dalma tat tahi da Labbo ƙanenka, ruwan rijiya bai sake wuce maƙoshinai ba. Sai na leda.

Junaidu: Sai na mi? Ba ni jinki sosai.

Inna: Na leda, wanda kaka aiko mai a mota. Nic ce hak ko ruwan shayinai, ledar nika jehwawa cikin tukunya ta yi zahi, don kar ya taɓa randa.

Junaidu: Ledar kika dahwawa, Inna?

Inna: Shi yac ce in yi. Ka san babanku. Wai likita ya ce can ƙasashen waje an iske ɓurɓushin roba cikin jijiyar wasu masu ciwon zuciya, ƙanana, ido bai ganinsu.

Junaidu: Ya ce ita tak kada shi?

Inna: Bai ce ba. Ya ce ana bincike, ba a tabbatar ba, amma in bar dahwa ta. Ni dai tsoro nika ji, ɗan nan. Mun gudu daga rijiya don mu tsira.

Junaidu: Ni nic ce mai leda ta hi tsabta. Gobe da asuba ina hanya.

Inna: Tsaya, ga shi ya buɗe ido. Shina nuna bakinai, ƙishi shika ji. Ga leda hannuna, ga ruwan rijiya da wata mai jinya tas sam min a kwano. Wanne zan ba shi?

Junaidu: Ki kira likitan.

Inna: Ya hita. Kai nika tambaya.

Junaidu: Ki ba shi na... a'a, dakata, Inna, katin wayata ya kusa...

Inna: Junaidu? Wanne?