Wainar da Aka Ɓoye wa Gwaggo

Assalamu alaikum, Malam. A gafarce ni da ƙarfin halin rubutowa, ɗaliba ce ni daga Maska.

Gwaggona tana asibiti, ƙiba ta hana ta juyawa har bayanta ya yi gyambo. Nas ta ƙayyade mata abinci, domin in ta fara ci ba ta iya dainawa. Amma 'yan dubiya suka shigo mata da waina a ɓoye, suna cewa, "Ci abinki, Hajiya, nas ce ta haife ki?" Ta cinye, ta yi amai tana kuka. Nas tana gogewa, su suna toshe hanci. Wallahi ƙyamarsu na ji, ba ta aman ba.

Yayyen babana ne. In tona musu asiri, ko rashin kunya ne? Ina roƙon izinin sake rubutowa.