Motar Magajin Gari

A ɗakin jira na asibiti, wata dattijuwa ta leƙa jaridar mutumin da ke gefenta.

"Ɗana, me suka rubuta kan magajin gari?"

"Wai yana can yawon kamfen ɗin shugaban ƙasa, ya manta hanyar ofis."

"Sharrin 'yan jarida! Kullum motarsa tana ƙofar ofis. Can nake wuni kan maganar lambatun da ya rushe mana katanga. Aiki ne ya sha kansa."

"Mama, ki daina zuwa."

"Saboda me?"

"Ni nake kai motar in ajiye. Haka aka umarce ni."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe kai ne mai ɗago min hannu ta baƙin gilashi? Ni kuwa har na gaya wa jikokina magajin gari ya san ni."