Dangwale da Jan Tawada

A tashar motar unguwarmu a birnin Nanchang, wata dattijuwa ta tare wani mutum da takardar koke da jan tawada.

"Ƙanena, dangwala mana. So muke a ɗauke injin ƙona sharar nan daga bayan gidajenmu."

"Yaya, ni ma hayaƙin ya ishe ni. Amma 'yata na neman aikin gwamnati, kuma har iyayen mai nema ake bincika. Mutum nawa suka dangwala?"

"Bakwai."

"In kun kai dubu ki neme ni. Cikin dubu wa zai lura da ni?"

"Masu jiran dubun nan ai sun fi dubu."

Ya dubi babban yatsansa, ya cusa hannun a aljihu. Da mota ta tsaya, ya waiwayo.

"Kada ku fasa fa, Yaya. Matata asma gare ta."