Kason Mai Sarauta

Ina zaune a layin masu ciwon suga a wani asibiti a Apia, babban birnin tsibirinmu, inda muke ƙarasa tsufa kan benci, sai na ji dattawa biyu suna magana.

Mai sanda ya ce, "Yallaɓai, me likita ya gani?"

"Wai jijiyoyin jinin ƙafata suna toshewa. In ban bar kitse ba, za a yanke ta."

"To, ka bari mana."

"Ni ke riƙe da sarautar gidanmu. Bisa al'adarmu, kowace jana'iza ni ake fara miƙa wa naman gwangwani mai kitse. In mayar da kwanon masu makoki?"

"Ka kai wa uwargida."

"Shekara ashirin ina kai mata. Bara muka binne ta."

"Allah ya jiƙanta. Yanzu fa?"

"Asabar akwai wata jana'izar. Zan ci. Ƙafa biyu gare ni, sunan gida kuwa ɗaya ne."