Shafin Yaya Vicky Ya Fito a Google

Zakariyya'u: Halo? Madam Lizzy! Ina kwana?

Lizzy: Lafiya. Ya gida, ya iyali?

Zakariyya'u: Lafiya ƙalau. Ya mutanen Kamazou? Ya ruwan jiya?

Lizzy: Ruwa ya yi gyara. Ya jikin Mama?

Zakariyya'u: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya kasuwa? Na san dai kin fara ganin canji.

Lizzy: Na gani kam! Malam Zakariyya'u, me na ce ka yi mini a shagona na intanet?

Zakariyya'u: Cewa kika yi duk wanda ya nemi acca ko garin citta a Google ya ci karo da ke. Na sa wa kowane kaya suna da bayani, na gyara adireshin shafuka, na haɗa jerinsu duka na miƙa wa Google...

Lizzy: Duka!

Zakariyya'u: Na'am? Muryarki tana yankewa.

Lizzy: Na ce DUKA? Har da shafukan 'yan sari?

Zakariyya'u: Waɗanne?

Lizzy: Kar ka raina mini hankali! Matan da ke saro kaya a wurina su sayar. Kowacce da shafinta da farashinta, ita kaɗai nake tura wa ta WhatsApp. Yau na rubuta "acca Kamazou", sai ga shafin Hajiya Indo ta Unguwar Sanusi a sama, na Yaya Vicky a ƙarƙashinsa. Kowa na gani!

Zakariyya'u: Subhanallahi. Amma Madam, ba ki sa musu makulli ba. Ni na same su a buɗe cikin sauran, na ɗauka...

Lizzy: Ka ɗauka! Ba ka da baki ne? Ba ka da lambata?

Zakariyya'u: Na kira ki ranar Talata, kika ce kina zumuntar mata, in yi duk abin da ya kamata.

Lizzy: Au, laifina ne ke nan?

Zakariyya'u: Ban ce ba. To ai farashi ne kawai, ba wani...

Lizzy: Farashin ba ɗaya ba ne, malam! Hajiya Indo akwai ciniki, sai ta matse ni kamar lemo. Yaya Vicky kuwa ba ta taɓa tayawa ba. Duk abin da na faɗa sai ta ce Allah ya sa albarka. Shi ne na ɗan... kowane buhu nata ya fi na Hajiya da dubu uku.

Zakariyya'u: Ita Vicky ɗin 'yar'uwarki ce?

Lizzy: Uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riƙe ni a Mahuta har na gama makaranta. Halo? Kana ji na?

Zakariyya'u: Ina ji.

Lizzy: Ka cire su yanzun nan.

Zakariyya'u: Ga shi na buɗe kwamfuta. Daga shagon zan rufe su cikin minti biyar. Amma na Google sai na tura buƙata, ba lallai ya ɓace nan take ba.

Lizzy: Sai yaushe?

Zakariyya'u: Wataƙila yau, wataƙila gobe. Ita Yayar tana shiga intanet ne?

Lizzy: Ni da bakina na tsaya a coci ranar Lahadi na ce kowa ya neme ni a Google! Ita ta fi kowa tafi. Ka cuce ni, Zakariyya'u, wallahi ka cuce ni!

Zakariyya'u: Haba Madam, ni na ƙara mata dubu ukun?

Lizzy: Kai! Ni kake gaya wa... Tsaya. Saƙo ya shigo.

Zakariyya'u: Na rufe na Hajiya, saura...

Lizzy: Bar shi.

Zakariyya'u: Na'am?

Lizzy: Yaya Vicky ce. Ta turo hoton shafukan biyu. Ta rubuta, "Madam, ina kwana. Don Allah ko ni ma za a ba ni farashin baƙi?"

Zakariyya'u: Ki kira ta mana, ki ba ta haƙuri...

Lizzy: Tunda aka haife ni ba ta taɓa ce mini Madam ba.

Zakariyya'u: Halo? Madam Lizzy? Halo?