Sunana Ba Ya Cikin Wasan

Yaya: Alo? Auta, kai ne?

Auta: Ni ne, Yaya. Ina wuni?

Yaya: Lafiya lau. Ya aiki? Ya gajiya?

Auta: Alhamdu lillahi. Ya yara? Ya ƙafar Mama?

Yaya: Da sauƙi, har tsakar gida take fitowa yanzu. Me ya sami muryarka? Mura kake?

Auta: A'a. Wasan nan ne ya fito jiya.

Yaya: Wasan kwamfutar da ya hana mu ganinka shekara uku? Kai, barka! Bari in kira Mama...

Auta: Riƙe barkarki. Sunana ba ya ciki.

Yaya: Me ba ya ciki? Layin na yankewa.

Auta: Sunana! A ƙarshen wasa ana jero duk wanda ya yi aiki. Na karanta tas, mutum ɗari biyu da 'yan kai. Har mai share mana ofis. Ban da ni.

Yaya: Ko mantuwa ce?

Auta: Wace mantuwa? Wata biyu ke nan da suka sallame ni.

Yaya: Innalillahi! Wata biyu, kana ce mana aiki lafiya? Wai ma mene ne naka a ciki? Kullum sai ka ce ba zan gane ba.

Auta: Kin ga wasannin da, in za ka shiga sabon gari sai allo ya yi baƙi, ka zauna jiran lodi...

Yaya: Lodi? Kamar a tasha?

Auta: Kusan haka. To ni na kashe jiran nan. Duniyar wasan ta fi ƙarfin cikin na'ura, sai na yanka ta gunduwa-gunduwa. Mutum na tafe, ana shimfiɗa masa ƙasar gabansa, ana naɗe ta bayansa, shi bai sani ba. Daga daji har bakin teku ba tsayawa.

Yaya: To ai wannan babban aiki ne!

Auta: Oga cewa ya yi ba ya ganin abin da nake yi. Na ce ranka ya daɗe, ai ranar da aka gan shi ya lalace ke nan. Ya ce tunda abu ya tashi, Dogo zai riƙe.

Yaya: Dogo abokinka, da kuke tebur ɗaya?

Auta: Shi fa. Jiya shi aka tsayar gaban jama'a ana ta tafa masa. Yau kuma da safe sai ga kiransa.

Yaya: Haƙuri ya ba ka?

Auta: Ina! Wai a wata babbar gada cikin wasan, in mutum ya yi gudu da mota sai ƙasar ta makara, ya zurma cikin duhu. Ana ta yaɗa bidiyon ana dariya.

Yaya: Allah ya ƙara! Kashe wayarka.

Auta: Na san inda ciwon yake, Yaya. Gyaran layi huɗu ne kacal a rubutun kwamfutar. Kafin in tafi na rubuta musu, ba wanda ya buɗe.

Yaya: Kar ka kuskura ka faɗa musu.

Auta: Na riga na tura masa.

Yaya: Ka yi me?

Auta: Ƙasar da na shimfiɗa ce. Ba zan iya zama ina kallon mutane na zurmawa ba.

Yaya: To ya ce za su mayar da sunanka?

Auta: Hoton babban yatsa ya turo min.

Yaya: Yatsa? Ba ni lambarsa yanzun nan, wallahi sai na... Alo? Auta? Alo!