Farfela Ɗaya a Saman Maikunkele

A cikin Keke Napep daga Maikunkele zuwa Tunga, wata dattijuwa mai kwandon doya ta juya ga mutumin da ke gefenta.

"Ɗana, ka ji labarin ƙaramin jirgin jiya? Ta saman gidanmu ya bi, farfela ɗaya a tsaye cak."

"Na ji, Mama. Injin hagu ne ya mutu, na dama ya kai shi filin jirgi."

"A karkace fa yake tafiya. Na ce direban ya rikice."

"Bai rikice ba. In inji ɗaya ya mutu, ɗayan yakan ja jirgin gefe. Sai a danne feda da ƙafa, a ɗan kwantar da jirgin wajen injin da ke aiki. Minti shida ban ɗaga ƙafata ba."

Ta dube shi. "Ƙafarka?"

Ya gyaɗa mata kai.

"Jikokina biyar na tsakar gida lokacin. Durƙusawa na yi ina maka addu'a, ko sunanka ban sani ba."

"Irimiya, Mama. Na gode. Har yanzu hannuna bai daina rawa ba."

"Kawo shi nan in riƙe har mu kai Tunga."